Ɗiyar da Takarda Ta Haifa, Shafi na 19

Jama'a, a yi haƙuri. Na ce Juma'a, ga shi yau Litinin. Na kuma rubuta muku cewa sabis ne ya ɗauke. To, ƙarya na yi. Sabis lafiyarsa ƙalau, har dambe na kalla da shi kwana biyu. Shafin nan ne nake wa gudu. Sau uku ina buɗe waya da niyyar rubuta shi, sai in tsinci kaina a zauren tsofaffin ɗalibai ina gyara wa mutane rubutu, aikin da ba wanda ya sa ni. Baiwar Allah da ta turo mini cewa furfurata ba ta hana ni saɓa alkawari ba, na ga saƙonki. Uwargida ta riga ki faɗa, tun kafin furfurar ta fito.

Ga wanda yau ya shigo: mun bar Malam Mas'udu, tsohon hedimasta, a motar haya daga Mafara zuwa Bakura. Yau bayan la'asar kwamitin gari zai raɗa wa sabuwar makarantar 'yan mata suna. Shi ya kawo sunan malamarsa ta firamare, Malama Tabawa, mace ta farko da ta zauna kujerar kansila a ƙasar tun ana jihar Sakkwato, wadda ta rubuta wa yara littattafai uku. Shugaban kwamiti, Alhaji Sallau, ya ce ba za a liƙa wa 'yan mata sunan matar da ta rubuta a littafi cewa tana da 'yar gaba da Fatiha ba. Sai in an kawo hujja.

Hujjar Mas'udu ya zo nema.

*

Rana ta kusa tsaka lokacin da ya isa ƙofar gidan. Ruwan jiya ya bar taɓo a zaure, sai da ya tattare babbar riga. Ya yi sallama da muryar da ya saba tsawata wa ɗalibai, sai ya ji ta fito masa siririya.

Murja ce ta leƙo, 'yar ƙanen Malama, bazawarar da ke jinyar tsohuwar shekara shida ke nan. Da wuƙa a hannunta, tana yankan kuɓewa.

"Gwaggo, ga ɗan Kanonki."

Daga ɗaki aka ce, "Wane?"

"Mai gyara muna magana."

"Ce mishi shi shigo, in bai ƙyamar ɗakin ƙauyawa."

Ya cire takalmi ya durƙusa a bakin tabarma. Matar da a da take tsayawa a bayan a-kori-kura, tun daga Kaya har Damaga, tana yi wa maza jawabi ba lasifika, yanzu matashin kai biyu ne suka tokare ta da bango. Yanar ido ta rufe mata gani.

"Malama, ina wuni?"

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ina mutanen Mahwara?"

"Suna gaishe ki."

"Ƙarya kake, amma ina amsawa. Ina iyali? Ina ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Yaya jiki?"

"Jiki shina nan, shina jiran mota."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ƙara tambayar jiki. Ya tambayi ƙafa. Ya tambayi ido. Har akuyar gidan ya tambaya, Murja ta ce ta mutu bara.

"Mas'udu," in ji tsohuwar, "tun kana aji biyu, in ka yi laihi gaisuwarka ba ta ƙarewa. Mi yak kawo ka?"

Ya gyara zama.

"Littafin nan na uku, Malama. Jakin Kaya Ya Ƙi Kaya. Na rubutun hannu nake nema, wanda kika rubuta da biro kafin a buga. Yana nan?"

"Mi za ka yi da shi?"

Ya gaya mata komai. Ginin mai aji shida, da allon ƙofa da aka bari ba rubutu, da zaman kwamiti, da sharaɗin Alhaji Sallau.

"Sallau? Sallau mai lasihika?"

"Shi. Yanzu ya yi Hajji huɗu."

"Allah Shi karɓa. Murya dai tana nan?"

"Tana nan."

"Madalla. Ban taɓa jin wanda yak karanta littahina da daɗi awa shi ba."

Murja ta yi tsaki daga bakin ƙofa.

Ranar da take nufi kowa a ƙasar ya san ta. Shekara talatin da huɗu ke nan. Malama ta gama kansila, ta tsaya takarar majalisar jiha, saura kwana tara zaɓe, kuma har 'yan adawa sun fara gaishe ta da rusunawa. Ranar Talata, kasuwa ta cika, Sallau yana saurayi ya hau kan buhunan gero da lasifika a hannu ɗaya, littafin yara a ɗaya. Bai zage ta ba. Shafin farko kawai ya buɗe, inda marubuci ke sadaukarwa, ya karanta sau uku:

Ga ɗiyata ta Janbako.

Sannan ya yi tambaya. Matar da ta yi shekara sha ɗaya a ɗakin miji ba ta haihu ba, ina ta samo ɗiya? Kuma me ya sa a Janbako, inda aka tura ta koyarwa tana budurwa?

Ta faɗi zaɓe. Kafin wata ya mutu takardar saki ta iso. Aka kwashe littattafan daga ajujuwa, masu ƙosai suka ƙarasa su. Ba ta sake rubuta ko wasiƙa ba.

Ku mutanen gabas, bari in tsaya in yi muku bayani, don a nan rayuwa guda ta salwanta. Mu nan, idan mutum ya ce ɗiya da murya sama, yara yake nufi, da yawa, maza da mata. Idan ya fara da murya ƙasa, 'ya mace ɗaya yake nufi. Kunne yana rabewa. Takarda ba ta da kunne. Abin da ke raba su a rubuce shi ne wutsiya: ɗiyana, yarana ke nan, ɗiyata, 'yata ke nan. Masoyan Malama sun ce yaran ajinta na Janbako take nufi, masu bugu na Zariya ne suka ɓata. Mutane suka ce abin da inji ya buga ba ya ƙarya. Ita kuwa aka tambaye ta a bainar jama'a, ta gyara mayafi ta shiga mota.

"In na kai musu na hannun," in ji Mas'udu, "za su ga ɗiyana kika rubuta. Magana ta ƙare."

"Kai ina kas san abin da nir rubuta?"

"Na gani."

"Ka gani."

"Ni kika ba in buga miki a tafireta, Malama. Kin manta?"

"Ido na rasa, ba hankali ba."

Shekara talatin da huɗu yana shirya wannan magana. Ya shirya ta a masallaci, ya shirya ta a mota, ya taɓa faɗa wa madubi ita tun daga farko har ƙarshe da Hausar littafi mai kyau. Yanzu da ya buɗe baki, sai harshen Janbako ya fito, wanda ya binne tun yana ɗan ashirin.

"Ni na, Malama."

"Kai na mi?"

"Ba Zariya ba ta. Ni nic canza shi."

Wuƙar Murja ta tsaya.

Ya sunkuyar da kai yana magana da tabarma. Ya dawo daga Kano da takardar shaidar karatun Hausa, yana jin kunyar yadda uwarsa ke magana. Malama ta ba shi littafin ta ce ya buga kawai. Shi kuwa ya ce ba zai bari mutanen Zariya su yi wa malamarsa dariya ba. Inda ta rubuta hwara ya mai da shi fara. Munka ya zama muka. Tahiya ta zama tafiya. Kwana biyar yana wanke littafin. Shafin sadaukarwa shi ya buga a ƙarshe, hannu ya riga ya saba. Ido ya ga ɗiya, ya ce mace ce, ya ga na, ya ce Malama ta yi tuntuɓe. Ya gyara. Har daɗi ya ji.

"Ban karanta da kunne ba," ya ce. "Kuma ina cikinsu, Malama. Ɗiyan nan na Janbako, ni ɗaya ne daga ciki. Mu kika sadaukar wa. Ranar kasuwa ina tsaye wajen 'yan albasa, na ji Sallau, na gane. Na buɗe baki in yi magana, sai na tuna ban daɗe da samun aiki ba. Da aka ce laifin Zariya ne, ni na fi kowa zaginsu."

"La'ilaha illallahu," in ji Murja. Ta shigo ɗakin da wuƙar a hannu, ba ta ma san tana riƙe da ita ba. "Kai? Kai da ke zuwa nan kowace Sallah da lemu da sabulu? Ina ce kirki na, ashe kaffara ta!"

"Murja..."

"Kar ka kira sunana! Ka san wa anka ce ita ta ɗiyar? Ni! Ina shekara sha ukku, anka ce Baba ɓoye ni yay yi don shi rufa wa yarsa asiri. Ni da ko hanyar Janbako ban taɓa takawa ba! A rijiya mata su yi shiru in na iso. Uwar mijina har ta mutu ba ta ci abincin hannuna ba. Ranar da yas sake ni cewa yay yi jini ba ya ɓuya. Don kai ka je Kano ka koyo fa ka yar da hwa!"

Bai ɗaga kai ba. Ya jira tsohuwar. Ya shirya wa tsinuwa, ya shirya wa kuka, har yafiya ya shirya wa, ko da yake ita ya fi tsoro.

Malama Tabawa ta lalubi kofin ruwa ta kurɓa.

"Ka gama?"

"Na gama."

"Shekara talatin da huɗu, wanga ɗan abu kake ɗauke da shi? Ai na sani."

"Kin... kin sani?"

"Wa zai yi in ba kai ba? Ɗalibina guda da ke ce wa hura fura."

"To me ya hana ki faɗa? Da kin kira sunana, da kin fito da littafin ranar nan, da..."

"Zauna daidai. Kana ce don kai nir rufe baki? Kai wa?"

Ta juya fuskarta wajen taga, inda haske yake, ko da yake ba ganinsa take yi ba.

"Kai ka tahi Maradun kama aiki, ba ka san sauran ba. Mutanen Zariya ba su bugu sai sun aiko ma mai littahi da samhuri, shi duba shahi-shahi, shi sa hannu. Sun aiko. Ina ohis ɗin kansila, kan kujerar nan tawa da sunka aje bakin ƙohwa don kar in ratsa maza. Na buɗe. Na gani, Mas'udu. Da idona, lokacin suna aiki."

A waje wata kaza tana tonon kwandon kuɓewar Murja, ba wanda ya kore ta.

"Kin gani kika sa hannu?"

"Na ɗauki biro in kashe."

"To?"

"Kai ka taɓa kashe ɗiya?"

Ta ci gaba, ba ta jira amsarsa ba.

"Shekara sha ɗaya. Na sha sassaƙe, na sha rubutu, na yi zaryar asibiti har masu shara sunka san sunana. Ko ɓari ban taɓa yi ba. Na haƙa rijiya a ƙauye bakwai. Na sa an gina ɗakin haihuwa, ni nib buɗe shi, mata na guɗa, wata tac ce a bayana, Allah sarki, ta gina ma wasu. In na tashi magana a majalisa, sai wani shi ce a bar ma masu iyali maganar iyali. Littahi biyu na rubuta ma ɗiyan mutane. Sai ga takarda daga Zariya, baƙi bisa hwari, da sunana a ƙasa. Ɗiyata. Ba wanda yat taɓa ba ni wagga kalma. Ni kaina ban taɓa hwaɗinta da bakina ba."

"Gwaggo," in ji Murja a hankali.

"Nic ce bari ta kwana guda, gobe in gyara. Da sahe nic ce ta ƙara kwana. Na sa ta cikin jaka, ina zuwa taro da ita. Ranar bakwai..." Ta yi 'yar dariya. "Ranar bakwai na raɗa mata suna."

"Suna?"

"Nagode."

Mas'udu ya ji kamar tabarmar tana zamewa a ƙarƙashinsa.

"Ranar takwas na sa hannu na mayar musu. Nic ce wa ka karanta shahin sadaukarwa? Ashe Sallau na karantawa."

"Da aka tambaye ki gaban mutane fa?" in ji Murja. "Kalma guda, Gwaggo. Ki ce babu ta. Kalma guda da ta ishe ni."

"Na so in buɗe baki in ce babu ta. Bai buɗu ba."

"Ni kuma ina nan! Da jini da nama! Ni ke wanke ki, ni ke juya ki. Kin bari an jehe ni shekara talatin saboda yarinyar tawada?"

"Na bari."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

"In ce miki ban sani ba? Na sani. Kullum ina cewa gobe. Ke ma na cuce ki, Murja, ban da abin ba ki." Ta ƙara da muryar da ta fi ta ɗazu taushi, "Da yanzu tana da talatin da huɗu. Da ta tara ɗiyanta."

Murja ta ajiye wuƙar a ƙasa kamar mai ajiye ƙwai. Ta zauna a bakin gado ta juya musu baya. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi sauƙin kallo.

Shi kuwa Mas'udu, ku yafe masa, abin da ya fara ji ba tausayi ba ne. Haushi ne. Laifin da ya yi reno tun yana saurayi, ya hana shi barci, ya sa masa hawan jini, yau an gaya masa rabinsa ma ba nasa ba ne. Mutum ya zo da kayansa a ka, a ce masa na aro ne.

Ya duba agogo. Ya share fuska da hannun riga. Hedimasta ya dawo jikinsa.

"Malama, ki saurare ni. Maganar samfuri ta mutu a ɗakin nan. Ba wanda ya ji. Na hannun kawai nake so. Ɗiyana kika rubuta, na gani da idona. Zan ajiye shi gaban Sallau, in miƙe tsaye in ce ni na ɓata. Su zage ni, su cire ni daga kwamiti, na yarda. Sunanki ya hau allon nan. Ita ma Murja a san uwarta uwarta ce."

Murja ta ɗan juyo.

Tsohuwar ta lalubi bakin zanenta, ta kwance wani ƙulli, ta miƙa ɗan makulli cikin iska.

"Akwatin ƙarhe, ƙarƙashin gado."

Murja ce ta jawo shi, da sauri, har gwiwarta ta bugi ƙafar gado. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da suka ɗiga masa man gyaɗa. A ciki akwai tsohuwar fastar zaɓe da hotonta tana murmushi, da katin kansila, da takardar saki a ninke huɗu. A ƙasa, cikin leda, littafin rubutu na 'yan makaranta mai jan bango.

Wayar Mas'udu ta yi ƙara. Alhaji Sallau.

"Malam, kana ina? An matso da zama, bayan azahar za mu yi, masu rubuta allo na jira. Ka samu hujjar taka ko mu sa sunan mahaihiyata mu huta?"

"Na samu, Alhaji. Ga ta a hannuna."

"To madalla. Ba sai ka iso ba. Ɗauki hoto yanzu ka tura zauren kwamiti, kowa shi gani da idonai. Ina riƙe da waya."

"Yanzu kuwa."

Ya danne wayar da kafaɗa. Murja ta matso, numfashinta a wuyansa. Ya zare littafin daga leda, ya buɗe bango.

Shafin yana nan lafiya, ko gara ba ta taɓa shi ba. Ga ɗiyana na Janbako, da shuɗin biro, kamar yadda ya tuna.

An soke na ɗin duka biyu. A saman kowanne an rubuta ta, ya koma ɗiyata ta Janbako.

Rubutun Malama ne, da sa hannunta da kwanan wata a ƙasa.